Fuskar da Na Liƙa a Yawuri

Allon, Arzika kafinta ne ya yar da shi bayan shago,
gara ta cinye masa kusurwa guda.
Ban datse ba. Na bar shi da giɓinsa.

Fenti uku kuɗina suka saya:
fari, shuɗi, da wani ja mai kama da manja.
Kwana biyu ina shafawa ina gogewa,
kullum wata baƙuwa ke leƙo ni daga katakon,
mai sulɓin kunci,
wadda ba a taɓa yi mata rasuwa ba.

Sai na ajiye buroshi na shiga ɗaka.

Na jiƙa ƙaro a gwangwanin madara.
Goshin na yi shi da ɓawon albasa,
don Baba mutumin Aliero ne,
shekara talatin yana lodin buhuna,
ko ranar Idi tafinsa bai rabu da warinta ba.
Ɓawon ba ya son matsi, da ka danna ya farfashe.
Da numfashi na riƙa kwantar da shi,
yadda muke yi wa Baba magana tun bara.

Gashin, guntun tarun kakana ne na wajen uwa,
wanda ruwan dam ya haɗiye tsibirinsu
Inna tana goye.
In na kai hanci, har yau akwai Kwara a ciki.

Kuncin dama, laka daga inda jirage ke sauke kifi.
Na hagu, katin asibitin Inna,
da rubutun likita da ban taɓa iya karantawa ba
sai kwanan watan. Shi kam na iya.
Na bi shi da ja, ya yi ihu,
na bi da fari, jan ya ɓullo ta ƙasa.
Na bar su su sasanta.

Ƙarƙashin ido na manna fom ɗin makaranta,
daidai gurbin da aka ce ƙabila.
Na rubuta Hausa, na soke,
na rubuta Gungawa, na soke,
akawu ya ce, ke yarinya, layi na jira.
Hudar da biro ya yi tana nan,
ta cikinta ake hango katako.

Baki ne ya gagare ni.
Na gwada zare, na gwada ƙaiƙayin shinkafa,
na gwada fatar tarwaɗa busasshiya.
Duk wanda na sa, da harshe ɗaya yake magana,
ni kuwa ɗaya da rabi nake da shi,
rabin ma ƙirga ne da zagi,
abin da ke suɓuce wa Inna in tuwo ya kama.

Ana nan Gwaggo Tasalla ta shigo aron rariya.
Ta tsaya, ta riƙe haɓa:
Lantana, shara kika tara kika ba ta idanu?
Ta yi dariya har da tafi.
Sai ta kai ga wuyan,
inda na naɗa bakin zanen nan kore
mai ƙonewar garwashi a gefe.
Dariyar ta zauna.

Ta ɗora yatsa a kan ƙonewar,
ta faɗi wata kalma da Gunganci, a hankali,
kamar mai tsoron tada barci.
Na ce, me take nufi?
Ta ce, ba ta da Hausa.
Ta fita. Rariyar na nan inda take.

Ban yi bakin ba.
Na shafa shuɗi a gurbin, siriri,
iyakar faɗin da kwalekwale zai bi.

Da dare tururuwa suka gano ƙaron,
suna jan ƙaiƙayin da ya rage a haɓa, ɗaya bayan ɗaya.
Na haska su da fitilar waya, ban kore su ba.
Lakar ma ta fara tsagewa wajen kunne.
Ina ta maimaita kalmar Gwaggo don kada ta gudu kafin asuba,
ban ma tabbata ina faɗinta daidai ba.